Na'urar Suga a Damtsen Baba

Na riga Baba sa na'urar auna suga da wata takwas, saboda haka ranar da na tafi ƙauyenmu da ke bayan Taura don in manna masa tasa, ba ni da wata fargaba. Ciwon suga gadonmu ne: shi da tsufa ya kama shi, ni kuwa tun haihuwata ta uku. Ina koyarwa a Dutse, kuma likita ɗaya ke duba mu. Shi ya ce a gwada wa Baba irin tawa, don Inna ta faɗa masa jiri na yawan ɗibar tsohon a gona.

Lokacin girbin gero ne. Na iso da hantsi, na tarar ya dawo daga gona da wuri, yana zaune a tabarma yana wasa magirbi. Bayan mun gaisa na buɗe kwalin a gabansa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wannan ɗan abu kamar maɓallin riga shi zai san abin da ke cikin jinina?"

Na ɗage hannun rigata na nuna masa nawa. "Sati biyu yake yi, Baba, sai a cire a sa sabo. An rage huda yatsa kullum safiya."

"Alwala fa?"

"A bayan damtse ake sa shi, ruwan alwala bai kai wajen ba. Zancen wanka kuma sai da na tambayi malami, ya ce hukuncinsa ɗaya da ɗaurin rauni, shafawa ake yi a kai."

Ya miƙo hannun hagu. Na goge wajen da auduga mai sifirit, na jira ya bushe sosai, don in da danshi abin ba ya kama fata. Na murɗe murfin abin da ake manna na'urar da shi, na ɗora, na ce ya yi bisimilla, na danna. Ƙas ɗaya ta yi.

"Har kin gama?"

"Na gama."

"Ai ƙayar ƙarangiya ta fi wannan zafi."

Wayar Baba ƙarama ce mai madannai, ba ta ɗaukar manhaja. Tsohuwar wayata na kawo masa, tun a Dutse na sauke manhajar a ciki, don na san sabis ɗin garinmu. Na kara ta a kan na'urar, ta ɗan girgiza, ta rubuta a jira awa ɗaya. Baba ba ya karanta boko amma ya san lambobi, sai na koya masa launi da kibiya: kore lafiya, ja a yi hattara, kibiya kuma ita ke nuna ko suga hawa take ko sauka.

Cikin wannan jiran ne ya faɗa mini abin da bai faɗa wa likita ba.

"Shekaranjiya ma sai da na zauna a kan kunya a gona, idona ya yi duhu. Na san sugar ce ta hau. Shi ya sa wata biyu ke nan da na daina karyawa, ƙwayar magani kawai nake haɗiya in fita."

"Yau ma haka?"

"Yau ma."

Na bar wayar ta yi magana. Da awa ta cika, lambar farko ta fito ja, kibiya tana kallon ƙasa. Sabuwar na'ura takan yi kuskure a ranar farko, don haka na huda yatsansa da tsohon ma'aunin. Amsa ɗaya suka bayar.

"Inna, kawo dabino uku."

Baba ya zaro ido. "Mai suga za ki bai wa dabino?"

"Ba hawa ta yi ba, Baba, faɗuwa ta yi. Jirin nan yunwa ce da magani. Kuna rage abinci, kuna ƙara wa kanku ciwon."

Ya ci yana gunaguni. Inna ta bi shi da koko da ƙosai. Ba a jima ba kibiya ta miƙe, ja ya koma kore. Ya daɗe yana kallon wayar, ya ce, "Ashe duk wata biyun nan baibai nake yi."

Na kwana biyu a gida. Kowace safiya sai ya karya kafin ya fita, wayar a aljihun gaba, fura marar suga a gora. Bayan mako na kai shi Dutse, likita ya duba zanen da manhajar ta tara, ya rage masa ƙwayar safe.

Na'ura ta biyu ni na sa, Inna na tsaye tana kallo. Ta uku ita ta danna da hannunta, ina koya mata ta waya daga ofishin malamai. Baba ya ƙarasa girbinsa a tsaye, har ya ɗaure damman da kansa.