Filin da Mama Winifred Ta Bar Mana

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina kan hanyar Samaru da fasinjoji a keken haya, matata ta bugo waya ta ce Allah ya yi wa Mama Winifred Toma rasuwa bayan gajeruwar jinya. Na tsaya a bakin titi. Fasinjoji suka ɗauka mai ne ya ƙare, don keken nawa ya yi suna a wannan fanni. 

Mama, ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san tun aji biyu na sakandare ni da boko muka rabu, kowa na murna. Amma 'yan layi sun ce tunda na fi kowa surutu, ni zan rubuta.

Ga wanda bai san layinmu na Jushi ba, akwai wani fili a bayan gidajenmu. Da can juji ne, ko kaza sai ta yi shawara kafin ta shiga. Da kika yi ritaya daga koyarwa, kika fito da tsintsiya da shebur ke kaɗai, har kunya ta sa mu maza muka biyo ki da baro. Daga nan kika kafa doka: duk jaririn da aka haifa a layin, ubansa zai dasa bishiya, ya yi ta ba ta ruwa har a yaye yaron. Ba ki tambayi inda mutum yake ibada ba. Shi ya sa darbejiyar 'yar Malam Sabitu tela take kusa da gwaibar ɗan Iyke mai kayan gyaran mota.

Da aka haifi 'yata Lovelyn na dasa mangwaro. In na dasa, akuya ta cinye, in sake dasawa. Kika ce, "Baban Lovelyn, akuyar nan ta fi ka kula da bishiyar, ita ai kullum sai ta zo dubiya." Ranar na kewaye shi da tsofaffin tayoyi. Yau a inuwarsa Lovelyn take karatun jarrabawa, ni kuwa in wuce ina ƙafafa kamar ni na halicce shi.

Kullum da yamma kina kan bencinki, yara na ƙwallo, mata na kitso, masu dara na gardama. Mun ɗauka hutawa kike yi, ashe gadi ne. Kin sha ce mana filin da ba a zama a cikinsa da teburi ake fara cin sa, sai rumfa, sai bulo. Lokacin da wani ya ajiye kwantena a kusurwa, ba ki zage shi ba. Zumuntar mata ta coci kika kwaso da tulunansu na kiɗa, suka mayar da koyon waƙa bakin ƙofarsa kowace yamma. Da kansa ya nemo motar da ta ɗauke ta.

Mama, abin da kika faɗa ya zo. Washegarin jana'izarki muka wayi gari da tifar yashi jibge a gefen filin, daidai inda yara ke kafa raga. Har yau mai shi bai nuna fuska ba, jira yake mu gaji. To, mu iyaye maza mun raba zaman benci a tsakaninmu. Ni na ɗauki yamma. Matata ta ce a ƙarshe dai an samo aikin da nake da digiri a kansa.

Dokarki ta ce bishiya ta haihuwa ce. Mun karya ta sau ɗaya, ki yafe mana. Mun ture yashin gefe, mun haƙa rami a tsakiyar wurin, Malam Sabitu ya kawo dashen maɗaci, Iyke ya kawo tayoyi, muka dasa da sunanki. Ba ranar yaye a wannan karon. Ruwan kuma a wuyana yake, kuma na riga na gargaɗi akuyar.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Baba Toma, da ɗanki Mordecai, da jikokinki, da duk yaran da suke da bishiya a Jushi. Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya. Ke kuma, Mama, Ubangiji ya ji ƙanki, ya gafarta miki, ya zaunar da ke a inuwar da ba mai zuwa ya jibge mata yashi. Amin.

Baban Lovelyn, Jushi, Sabon Garin Zariya