Indiyancin Katako a Jami'a

Bari in faɗa da bakina kafin abokan wasa su riga ni: wawan wannan labari ni ne. Sai dai wawa ne da ya koyar a jami'a, kuma duk mai niyyar dariya ina roƙonsa ya fara nuna mini jami'ar da shi ya koyar.

Lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu na yi. Mushe, wato malaminmu, ya ce kaina ba ya ɗaukar karatu, ni kuma na ce bayana ne ba ya ɗaukar bulala, muka rabu kowa da gaskiyarsa. Indiyanci kuwa makaranta biyu na yi masa. Ta farko silima. Ina saurayi, ba fim ɗin Indiya da zai shigo Yamai ban haddace shi ba, har abokai ke saya mini tikiti don in zauna tsakiyarsu ina fassara. Abin da na gane in faɗa, wanda ban gane ba in ƙera, ba wanda ya taɓa kai ni ƙara. Ta biyu wani Ba'indiye ne mai sayar da yadi, na yi masa direba shekara da shekaru. A motarsa na koyi ƙirga da ciniki da yadda ake faɗa da ɗan dako. Da ya tattara ya koma ƙasarsu na dawo kasuwar Katako ina sayar da katakon rufi, Indiyancin ya kwanta a cikina, sai dai in yi wa awakina da yamma.

Ina nan, tsufa ya kama ni, sai ga ɗan ƙanwata da ke aiki a buro, wato ofis, a jami'a. Ya ce, "Kawu, ana neman ka." Wai akwai ɗalibai da suka samu gurbin karatu a Indiya, an buɗe musu aji na musamman a hutun damina, daga safe har la'asar, don su tafi da abin buɗe baki. An kawo Malama daga can, amma tana son wanda zai riƙa hira da su bayan azahar, wanda ya san yarensu ya kuma san nata.

Na sa babbar rigata ta Juma'a na ƙetare gada zuwa Lamorde, inda jami'ar take. Malama ƴar siririya ce mai tabarau, ba ta fi ƴata ta biyu shekaru ba. Ta gaishe ni, na amsa, na kuma saki baki. Ta saurara, ta saurara, sai ta kama ciki tana dariya. Ta ce Indiyancina kyakkyawa ne, sai dai duk jimlar da na yi kamar ko dai zan doki mutum ko kuma zan nemi aurensa. Na ce mata ai rayuwa ma ba ta wuce haka da yawa ba. Ta ɗauke ni.

Da labari ya kai Katako, maƙwabcina Bazabarme mai sayar da ƙusa ya ajiye ciniki ya zo ya tsaya kaina.

"Fofo, Mushe! Yau kuma wa za a ɓata wa ƴaƴa?"

"Naka sun tsira," na ce masa, "tunda ba wanda ya kai jami'a."

"Kai da ko sunanka sai an riƙe maka hannu?"

"Baki aka ɗauke ni haya, ba hannu ba."

Gaskiya ce kuwa. Da safe Malama ke koya musu rubutu, baƙaƙe ne da ake ratayawa a ƙarƙashin layi kamar shanyar kayan yara. Ni ko ɗaya ban sani ba, kuma ban ɓoye ba. Amma da an yi azahar aji ya zama nawa. In tura tebura gefe in ce yau nan kasuwa ce, kai mai tumatir ne, ke kuma ba za ki biya abin da ya faɗa ba ko za a mutu. Gobe ajin ya zama taksi, jibi asibiti. Dokata ɗaya ce: duk wanda Hausa ko Faransanci ko Zabarmanci ya suɓuce masa, zai miƙe ya yi waƙa. Ƴan Maraɗi sun fi kowa shan waƙa, don ba sa iya ciniki ba da rantsuwa ba. A ɗakin da ke kusa da mu wani malami na koyar da Urdu ga masu zuwa Pakistan, kullum yana leƙowa wai mun cika ihu. Na ce masa yarenmu ɗaya ne da nasa, nasa ne kawai ya naɗa rawani. Kafin gero ya fid da kai, yaran da suka zo ba su san "zo" ba sun fara yi mini gardama da Indiyanci. Wannan kam ko a lahira aka tambaye ni zan ce aikina ne.

Mutum ɗaya ce ta hana ni barci. Ma'aikaciyar jinya ce daga Damagaram, ta girmi sauran, ta bar ƴaƴa biyu wajen mahaifiyarta. Gurbin koyon aikin ido ta samu, kuma shekarunta sun kai iyakar da aka yanka: in ta faɗi jarrabawar baki da za a yi a ƙarshen ajin, gurbin na wani ne, ba kuma za ta sake nema ba. A rubutu ba mai kama ƙafarta. Amma ka ce ta yi magana, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Kowa na ce mini Mushe, ita kaɗai ke ce mini Baba.

Muka ji cewa wanda zai yi jarrabawar wani tsohon likita ne Ba'indiye da ya daɗe a garin nan, mutumin da aka ce ko ƴaƴansa ba su san launin haƙoransa ba. Ran nan ƴar Damagaram ta same ni bayan an tashi, idonta ya kaɗa.

"Baba, ni fa na san ba zan iya ba. Da ya dube ni komai zai gudu."

"Ƴata, zauna. Akwai kalmar da ban ba kowa ba, ko Malama ba ta san na san ta ba."

Kalmar ita ce sala. Da ita ubangidana mai yadi ke kirana tun daga safe har dare. Sala kawo mota, sala ina ka shiga, sala ka ci gidanku da wannan tuƙi. Wata rana na tambaye shi ma'anarta, ya yi murmushi ya ce ɗan'uwan matar mutum ke nan. Na kwana ina jin daɗi. To a wurinmu wa ya fi ƙanin matarka kusa da kai? Da shi kake wasa, ya ci maka tuwo ya ce ba daɗi, ka ce za ka mayar musu da yayarsa, ba mai fushi. Na ce ashe mutumin nan ya mai da ni ɗan gida. A silima ma na sha jin jarumi yana faɗa wa abokinsa ita yana bubbuga masa kafaɗa. Gaskiya na ji yana faɗa wa mugu ma kafin ya naushe shi, amma na ɗauka irin nasu ne, ko duka za su yi sai sun sa zumunci.

Na bayyana mata duk wannan da murya irin ta manyan malamai. Na ce da kin shiga ki gaishe shi da ita, ki ƙara "ji" a ƙarshe, wato alamar girmamawa, sai ki ga dutse ya zama man shanu. Ta maimaita har ta zauna mata.

Ranar jarrabawa ina zaune a bayan aji kusa da Malama, na sha rawani. Likitan ya zauna gaba da biro a hannu, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Ɗalibai na shiga ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira ƴar Damagaram, ta shigo ta haɗa tafin hannu, ta ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba.

"Namaste, sala-ji!"

Biro ya faɗi daga hannun likita. Malama ta dafe baki, ta juyo ta dube ni, ni kuma ina gyaɗa mata kai irin na wanda ke jiran yabo. Ta matso ta raɗa mini cewa zagi ne, zagin ƴan tasha, irin wanda ke nufin ka san ƴar'uwar mutum sanin da bai dace ba. Na ji rawanin ya yi mini nauyi. Shekarun nan duka da na yi ina amsa "na'am" suka dawo mini a tsaye.

Likita ya cire tabarau ya tambaye ta a hankali ko ta san abin da ta kira shi. Ta duba fuskarsa, ta duba ta Malama, ta gane. Na ce shi ke nan, na kashe yarinyar mutane. Na yunƙura zan tashi, ya ɗaga mini hannu ba tare da ya kalle ni ba. Ita ya tambaya.

Ta durƙusa har ƙasa, irin durƙuson gida. Sai bakin nan da muka yi damina muna lallashi ya ɓalle. Ta ba shi haƙuri da Indiyanci. Ta ce shi sa'an mahaifinta ne, a garinsu ko sunan babba ba a kamawa balle a zage shi. Ta ce a wurinmu ɗan'uwan mata abokin wasa ne, ta kwatanta masa yadda ake wasan, inda kalma ta ƙare mata ta zagaya ta nemo wata. Ya tambaye ta wa ya koya mata, ta ce wani dattijo ne da ba ya nufin sharri, ba ta ko waiwayo ba. Ya tambayi aikinta. Ta ba shi labarin tsofaffin da ake kawo musu daga ƙauye jika na jan sanda, alhali abin da ke idonsu aikin ƴan mintoci ne ga wanda ya iya. Ya yi ta jefa mata tambaya tana amsawa, da kuskurenta da komai, ba ta tsaya ba. Sauran ɗalibai kowa ya yi abin da bai fi shan shayi ba ya fito, ita sai da ladan ya kira la'asar. A ƙarshe likitan ya ɗauki bironsa ya yi rubutu, ya ce da Malama duk wadda ta iya fid da kanta daga irin wannan rami ba za ta ɓata a ƙasarsu ba. Ni kuwa da zai fita ya tsaya gabana ya ƙare mini kallo, ya kaɗa kai, ya wuce.

Ta ci. Duk ajin suka ci, ban da wani ɗan Tawa da zazzaɓi ya kwantar, shi ma aka sake masa rana.

Kunyata ba ta daɗe ba, don ni ba na ajiye abin da ba ya riba. Kafin a gama rabon lemo a bakin aji na riga na gano cewa dabara ce. Na tara ɗalibai a gindin bishiya, har da malamin Urdu, na gyara rawani na ce su buɗe kunne su ji sirrin koyarwa. Na ce wani ɗalibin ba ya iyo sai an tura shi kogi. Na ce duk malaman da ke da digiri a jami'ar nan, wa ya taɓa buɗe baki irin wannan da kalma ɗaya tak? Na hango ƴar Damagaram tana waya da mahaifiyarta tana share hawaye, na jira ta gama na yafuto ta.

"Ƴata, zo ki faɗa musu da bakinki. Wa ya koya miki abin da ya fid da ke yau?"

Ta gyara mayafi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Baba, zagin kai ka koya mini. Ban haƙurin da ya fid da ni, daga gidanmu na zo da shi."