Yunwar Mussa da Irin Gyaɗar Baba

A shekarar da na gama jami'a na koma gida, ƙauyenmu da ke kusa da Furfuri, ina jiran a kira ni bautar ƙasa. Tarihi na karanta, ban san komai a kan dabbobi ba, kuma gara in faɗi haka tun yanzu.

Damunar da ta wuce ciwo ya cinye gyaɗar mutane, iri ya yi wuya. Kawuna da ke Tsafe ne ya samo wa Baba buhu biyu, aka jingine su a ɗakin ajiya. In ɓeraye suka gama da su kafin ruwan shuka, babbar gonarmu za ta kwana babu gyaɗa. Sun kuwa fara, kullum da safe sai Inna ta share ɓawo a gindin buhunan.

Muna da kyanwa, wadda mu a can muke kira mussa. Fara ce mai baƙin kunne ɗaya, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Baba ya hana a ba ta komai.

"Mussa in ta ƙoshi ba ta kamun kusu," in ji shi. Kusu shi ne ɓera. "Yunwa ka sa ta aiki."

Na kwana biyu ina kallonta. Ɓera zai gilma ta gabanta, ta ɗaga kai, ta mayar. Sai wani tunani ya zo mini: anya ba ƙarfin bin su ne ba ta da shi ba? Na faɗa wa Baba da dukan ladabin da na iya, na ce wataƙila, mai yiwuwa, ban dai tabbatar ba.

"Wataƙila taka ta yi yawa, Malam," ya ce. In zai yi mini ba'a Malam yake ce mini. "Gwada mu gani. Amma in gujiyata ta ƙare, takardunka za mu shibka." Gujiya ita ce gyaɗa a wurinmu.

Murna ta kama ni kamar an ba ni aikin gwamnati. A littattafanmu na firamare duk hoton kyanwa da na sani tana gaban faranti ne tana lasar madara. Saboda haka na roƙi wata Bafillatana da ke kawo wa Inna nono ta riƙa zuwa mini da madara ɗanya, sabuwar tatsa. Mussa ta sha har ta lashe ƙwarya. Na yi ta kiran Inna ta zo ta gani.

Kwana na biyu zawo ya kama ta. Na uku ko tashi ba ta son yi, ɓawon gyaɗa kuwa ya ninka. Inna ta turo mini tsintsiya da toka, ta ce, "Likita, ga majinyaciyarka ta bar maka saƙo bayan ɗaki."

Na tsorata ƙwarai, na ɗauka na kashe ta. Na sa ta a kwando, na rufe da tsohon zane, na tari mota a Bunguɗu zuwa Gusau. Ba mu yi nisa ba ta fara kuka.

"Samari, wace irin kaza ce wannan?" in ji wani dattijo da ke gefena.

"Kyanwa ce, Baba. Asibiti zan kai ta."

"Asibiti! Direba, taka a hankali, akwai Hajiya ba lafiya!"

Motar duka ta kwashe da dariya, wata mata har tana tambaya ko an shaida wa dangi. Na yi gumi sharkaf, amma ban saki kwandon ba.

Malamin dabbobin da na samu ya fi sabawa da shanu da awaki, shi ma sai da ya murmusa. Ya duba dasashinta, ya taɓa cikinta, ya tambaye ni abin da take ci. Da na ce madara, ya girgiza kai. Ya ce kyanwa in ta girma, da yawansu cikinsu ba ya ɗaukar ɗanyar madara, ruwa mai tsabta ya fi mata. Ya ce kuma akwai alamar tsutsar ciki, ya ba ta magani. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi zancen yunwa.

"Farauta halinta ce, ko ta ƙoshi za ta yi," ya ce. "Mai yunwa dai ba ta da ƙarfi, kuma takan bar gida neman abinci. Ka yi daidai a rabi, ka yi kuskure a rabi. Ba ta kan kifi, da ɗan tarkacen nama."

Rabin nan da na yi daidai shi na riƙo har gida, ina ta maimaita shi a mota. Na bi mahautan ƙauyenmu suna tara mini tarkace, Inna kuma ta riƙa ajiye kan busasshen kifi in ta yi miya, tana cewa ba don ni ba, don tausayi.

Kwana goma ne ko sha biyu, ban riƙe ba, ina alwalar azahar na ji Inna tana ƙwala kira. Na zo da gudu, buta a hannu. Ga mussa ta fito daga ɗakin ajiya da ƙaton ɓera a baki, wutsiyarsa tana jan ƙasa. Na yi ihu, ni da ban cika ɗaga murya ba, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Washegari ta kama biyu.

Baba ya tsaya ya daɗe yana kallonta. "Dama ta iya," ya ce. "Lalaci ne ya sake ta."

Ba zan rantse cewa abincin ne kaɗai ya yi aiki ba. Ta yiwu maganin tsutsar ne, ta yiwu duka biyun. Abin da na gani dai shi ne ɓawon ya ragu, har wata safiya Inna ta share ba ta sami ko ɗaya ba.

Da ruwan shuka ya sauka muka kwance buhunan a tsakar gida. Gindin ɗaya ya ɓalge, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Ɗayan lafiya lau. Muka ɓare, Baba ya auna da ido, ya ce zai kai, in an tsallake gefen gonar da ke da dutse. Muka fita gona, yana sara da sungumi, ni da Inna muna binsa muna jefa iri muna takewa.