Hita a Bokitin Inna

Gidan da muka fara haya a Kuje yana jan mutum. Ba wasa nake yi ba. Da damina ta sauka, in ka taɓa ƙofar firij da jiƙaƙƙen hannu sai ka ji zirr har gwiwar hannu. Kan famfon banɗaki ma haka yake, shi ya sa maigidana ya naɗe shi da robar tsohon tiyub. Duk 'yan hayar gidan mun san halinsa, kowa da silifas ɗinsa na roba, har tsiya muke yi wa juna in mun ji wani ya yi ƙara daga kicin. A gidan nan na haifi 'yata ta fari, kuma a cikinsa wutar lantarki ta kashe mini mahaifiyata.

A ƙa'ida gida ya kamata in tafi wankan jego, ƙauyenmu can bayan Malumfashi. To amma jinina ya hau tun cikin yana ƙarami, likita ta ce kada in kuskura in yi nisa da asibiti. Sai Inna ta ɗaure kayanta, ta bar wa ƙanwata girkin Baba, ta hau mota ta zo. Garinmu turakun wuta sun daɗe a tsaye, waya ce dai ba a taɓa ja ba. Inna ta san fitila, ta san murhu, ta san tocila. Abin da ake cusawa a bango ba ta san shi ba, ba ta kuma damu ta sani ba.

Kafin zuwanta maigidana ya ɗauko mai gyaran wuta, saboda soket ɗin lungun da ke ƙofar banɗaki ya fara ƙauri, gefensa ya yi baƙi. Mutumin ya kashe babban makunnin da ke bayan ƙofar falonmu, ya kwance soket ɗin, ya hau silin da tocila, ya sauko yana karkaɗe kashin ɓera daga rigarsa. Ya ce wayoyin sirara ne, ba su kai nauyin da muke ɗora musu ba. Ya ce a sama an yi ta haɗe-haɗe da salatif, ɓera ya ci wasu, ga kwano yana ɗiga a kansu. Fiyus ɗin da ya kamata ya tsinke in abu ya lalace, wani gwani ya cire siririyar wayarsa ya ɗaura mai kauri don kada ta riƙa damunsa. Babbar matsalar kuwa, gidan gaba ɗaya ba shi da wayar nan da ake haɗawa da ƙarfe a binne a ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle. Tunda ba ta da hanya, in ji shi, duk wanda ya taɓa shi ne hanyarta.

Ya canza soket ɗin. Sauran aikin ya ce sai da izinin mai gida, don sai an fasa bango, an binne ƙarfe, an sa wata na'ura da ke yanke wuta da kanta da zarar ta fara bin jikin mutum. Muka je wurin mai kula da gidan. Ya ce Oga, wato mai gidan, ya yi tafiya. Muka koma, ya ce Oga bai dawo ba. Ran da na tare shi da cikina ƙato ina masifa, sai ya yi murmushi ya ce, "Madam, ai tun da aka gina gidan nan haka yake, ba wanda ya mutu." Wallahi da ina da ƙarfi a ranar da na shaƙe shi.

Shi ne kuma ya hana hura itace a tsakar gida, wai hayaƙi na ɓata fenti. Wankan jego kuwa ruwa yake ci, tafasasshe, safe da yamma. Gas ba ya jurewa, gawayi ya jiƙe da damina. Dole aka koma ga hita, irin ta kasuwa mai murɗaɗɗen ƙarfe da mariƙin roba. Mun fara da bokitin roba, hitar ta kwanta a gindinsa ta huda shi. Inna ta yi tsaki, ta juye garin kunun da ta zo da shi a bokitinta na ƙarfe, ta ce ga abin da aka sani da ruwan zafi.

Na zaunar da ita na koya mata, yadda nake koya wa 'yan aji ɗaya a makarantar da nake aiki. A sa hitar cikin ruwa kafin a kunna. In za a taɓa ruwan, a kashe makunni, a zare filogi, sannan a taɓa. Hannu a bushe. Takalmi a ƙafa. Ta saurare ni tana kallon gefe, don ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa, sai dai "ke". Da na gama ta ce, "Yau ga 'yar da na yi wa tsarki tana koya mini dafa ruwa." Amma ta riƙe. Kullum ina jin ƙarar makunnin, ƙas, kafin ta ɗaga bokitin.

Takalmin ne kawai muka yi ta fama. Inna ba ta taka cikin ɗaki da takalmi, balle ɗakin suruki. Silifas ɗin banɗaki kuwa a wurinta na banɗaki ne, ba za ta fito da shi lungun da take bi da alwala ba. Na sayo mata sabo fil na cikin gida. Ta yi godiya, ta sa shi a leda, ta tura ƙasan jakarta, wai sai ta koma gida.

Kwanakin nan su ne mafi daɗi da na yi da ita tun da na yi wayo. Kunyar 'yar fari ta sa ba mu taɓa sakewa da juna ba, sai a banɗakin nan. Ta tsoma ganyen darbejiya a ruwan, ta fyaɗa mini a baya, ina ihu tana cewa, "Raguwa. 'Yan boko ba ku da ƙashi." Ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Jaririyar kuwa ƙawarta ce, tana yi mata wanka tana yi mata tsiya, wai hancin dangin ubanta ta ɗauko, ba mai aurenta. A nan na fara jin labarin haihuwata daga bakinta, da yadda ta yi naƙuda ita kaɗai ana ruwa. Ban taɓa sanin Inna tana da surutu haka ba.

Ranar da abin ya faru mun wuce rabin kwanakin wankan. An kwana ana ruwa, iska ta watso shi ta tagar lungun, simintin ya jiƙe. Maigidana ya fita da sassafe don ya riga cunkoson hanyar filin jirgi. Ina ɗaki ina ba yarinya nono, fanka na juyawa a hankali, sai ta tsaya. An ɗauke wuta.

Na ji Inna daga lungu tana cewa, "Sun ɗauke abarsu. Bari in ji ko ruwan zai yi haka."

Na ce, "Inna, ki zare filogin tukuna."

Ta ce, "Wutar da babu?"

Ita a saninta abin da ya mutu ya mutu, sai an sake kunna shi da hannu. Ba ta saba da masu wutar garin nan ba, da ɗaukewa da dawowa kafin ka rufe baki. Ina buɗe baki in sake magana, fankar ta motsa.

Ba ta yi ihu ba. Ƙarar mariƙin bokiti kawai na ji yana kaɗawa, kar-kar-kar. Na ajiye yarinya a gado na fito. Inna na sunkuye, hannunta na dama cikin ruwa, na hagu riƙe da bakin bokitin, jikinta ya sandare yana rawa, ɗankwalinta ya zame. Ni ce na yi ihun.

Maƙwabciyata, wata 'yar Filato mai sayar da kayan shayi a bakin gida, muna ce mata Maman 'yan biyu, tana sharar ruwa a barandarmu. Kafin in kai ga Inna ta faɗo falon ta cafke ni ta ƙugu. Da irin Hausarta take cewa, "Kar ka taɓa shi, Maman bebi, kar ka taɓa shi, zai kama ku biyu." Na dake ta. Na yaƙushe ta a wuya, har yau da tabon. Uwata ce a gabana, taku biyu tsakaninmu, wata ta riƙe ni. A wannan lokacin ban taɓa tsanar ɗan Adam kamar yadda na tsane ta ba. Ta wurgar da ni kan kujera, ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ja babban makunnin ƙasa. Sai a sannan Inna ta saki, ta faɗi gefe, ruwan ya bi ta.

Maman 'yan biyu ta jawo ta busasshen wuri, ta durƙusa tana danna mata ƙirji, wai an koya musu a zumuntar mata a coci. Tana dannawa tana kiran sunan Allah da yarenta, ni ina salati ina murza ƙafafun Inna. Ƙafafun nan masu kaushi, babu takalmi. Maza suka tare Keke mai ƙafa uku, muka tafi asibiti, kanta a cinyata. Likitan bai daɗe a kanta ba. Ya ja mayafinta ya rufe mata fuska.

A Kuje aka binne ta, ranar, bayan la'asar. Hanya ta yi nisa, ba a ajiye gawa. Matan unguwa suka zo yi mata wanka, suka ce sai da ruwan ɗumi. Wata ta kawo duwatsu, wata ta kawo itace, suka hura wuta a tsakiyar gidan, hayaƙi ya bi farin bangon ya hau. Mai kula da gidan yana tsaye a bakin get yana kallo, bai hana ba. Maza suka ɗauke ta, maigidana a gaba, sauran duk mutanen da ba ta taɓa sani ba, masu shayi da masu gadi da 'yan acaba da suka ji sanarwa a masallaci. Kawunnaina sun iso bayan an dawo. Baba bai iya tafiyar ba.

Daga baya mai gyaran wuta ya ɗaga hitar ya nuna wa maigidana wata 'yar tsaga a jikin ƙarfen, siririya kamar gashi. Ta nan wutar ta shiga ruwan. Ya ce irin haka na faruwa in ta taɓa yin zafi ba ruwa, ko in ta tsufa. Ya ce da akwai wayar ƙasa, da fiyus ɗin na gaskiya ne, da an sa na'urar nan, da firgita kawai za ta yi. Ban so aka gaya mini wannan ba.

Oga ya dawo daga tafiyar, kwatsam. Ya zo da ƙatuwar motarsa ya yi mana gaisuwa, kafin sadakar bakwai an fasa bango, an binne ƙarfe, an canza wayoyi, an sa na'ura. Ashe aikin yini biyu ne. Masu zuwa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare, sai haƙuri. Na yarda, ni Musulma ce, na san ba mai wuce lokacinsa. Amma Allah bai ce a ɗaura waya mai kauri a fiyus ba, bai ce a gina gida a zuba mutane ba wayar ƙasa ba. Na faɗi haka a gaban mutane, gwaggona ta toshe mini baki.

Sauran wankan ni na yi wa kaina. Maman 'yan biyu ke dafa ruwan a gas ɗinta ta kawo har ƙofa, da tabon farcena a wuyanta. Na ba ta haƙuri ta ce in bari. Da ba ta riƙe ni ba da yarinyar nan ta tashi ba uwa ba kaka, na sani. Sanin bai hana ni kuka a banɗakin ba, in na miƙa ganyen baya hannuna ya kasa kaiwa.

Yanzu muna Gwagwalada. Kafin mu sauke ko tabarma sai da na sa aka duba wayar gidan kaf. Ba hita a gidana. In an ɗauke wuta ina bi ina zare komai daga bango, in na ga soket ya yi baƙi ko yana zafi ba mai kwana sai an kira mai gyara. A ofishin malamai sun sa mini suna uwar filogi. Su yi ta yi.

Da na yi arba'in na ɗauki yarinyar muka tafi gida, kamar yadda ake yi, a nuna ta ga dangi. Mata suka cika tsakar gidanmu. Kowacce ta karɓe ta sai ta ce barka, Allah ya raya, sannan ta sauke murya ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙanta. Baki ɗaya, gaisuwa biyu. Na rasa wacce zan fara amsawa.

Baba na zaune a zaure kan buzunsa, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa jikarsa. Ya daɗe yana kallonta, ya tofa mata addu'a a ka. Bai tambaye ni yadda abin ya faru ba, kawunnaina sun riga sun gaya masa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wurin da aka sa ta, akwai inuwa?"

Mata ba sa bin gawa, ni kuma ina jego. Ban taɓa ganin wurin ba.

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya gyara wa yarinyar hularta, ya miƙo mini ita.