Fadamar da Baba ya bayar

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Bebeji, ni da ƙanena da goggonmu, za mu wani ƙauye a ƙasar Doguwa rabon gonar mahaifinmu, wata huɗu da rasuwarsa. A Kwanar Dangora muka karya da koko da ƙosai. Goggo ta ce ƙosan yanzu sai da tabarau ake ganinsa. Tudun Wada kuwa shinkafa ce shanye har bakin kwalta. Da muka shiga dajin Falgore direba ya kashe rediyo, kowa ya kama salati.

Da hantsi muka isa. Mai unguwa da liman da malamin da zai yi rabon suna jiranmu a gindin ɗorawa. Muka zagaya iyaka muna bin layin gamba, har muka gangara fadamar bakin rafi. Nan muka tarar da wata dattijuwa tsaye da 'ya'yanta. Mijinta, kafin ya rasu, ya daɗe yana yi wa Baba noma. Ta ce Baba ya ba shi fadamar kyauta, amma ba a rubuta ba.

Malam ya ce kyauta tana tabbata idan an karɓa an riƙe tun mai bayarwa yana raye, sai dai a kawo shaidu biyu. Liman ya ce shi ya ji da kunnensa. Saura ɗaya.

Ƙanena ya raɗa mini, "Yaya, fadamar nan fa ita ce gonar. Ka yi shiru kawai."

Ni kuwa a gabana aka yi. Na ji Baba ya ce wa mutumin, "Na ba ka, halak malak." Na so in ɓoye, don mu ma muna da iyali. Amma na tashi na faɗa. Dattijuwar ta durƙusa tana kuka, Goggo ta ɗaga ta. Aka fitar da fadama, aka raba tudun tsakaninmu da 'yan'uwanmu mata, namiji kashi biyu mace ɗaya, aka rubuta kowa ya sa hannu.

Ana kiran magariba muka shigo Bebeji, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakanina da ƙanena. Tafiyar ta koya mini cewa abin da uba bai rubuta ba, 'ya'yansa ke ɗaukar nauyinsa. Washegarin dawowarmu na kira shaidu, na rubuta wa 'yata filin da na taɓa ba ta da baki.