Uwar Makullai Ta Sauke Kaya

A bayan ƙofar ofishin malamai akwai wani baƙin allo da ake rubuta aikin kowa na mako. Kullum ana wucewa ta gabansa, amma ba wanda ya lura cewa duk sunayen da alli aka rubuta su, in ban da guda ɗaya. Sunan malamar lissafi da farin fenti yake, kuma a gurbi biyar. Malamin zane ne ya gaji da sake rubuta shi kowace Litinin, wata rana ya ga ragowar fenti a gwangwani, ya ce bari ya hutar da hannunsa. Shekara uku ke nan ana goge allon, sunayen mutane suna zuwa suna tafiya, nata yana nan daram.

Shekararta goma sha tara tana koyarwa. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, kuma ana jin ta kafin a gan ta, saboda tarin makullan da ke ɗaure a hannun jakarta. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba mata Uwar Makullai, har malamai suka ɗauka. Akwai na sito, na ɗakin karatu, na akwatin magani, na ɗakin kayan wasanni, na kabad ɗin takardun jarrabawa, da na durowar da ake ajiye ƙararrawa. Ba wanda ta roƙa a cikinsu. Kowanne da irin maganar da ya zo da ita: "Malama, riƙe mana wannan kafin a sami wani." Ita kuwa bakinta bai iya a'a ba. Wanin da ake jira bai taɓa zuwa ba.

Tana da wata tsohuwar rajista da take rubuta ayyukanta. Duk Asabar da la'asar takan zauna a tsakar gida ta buɗe sabon shafi, ta kwafe abin da bai samu ba a makon jiya. Maigidanta kafinta ne, ya sha tsokanarta a kan haka.

"Malama, ni dai in na haɗa kujera, mai ita ya zo ya ɗauka, shi ke nan mun rabu. Ke naki aikin haihuwa yake yi?"

"Baban Auta, ka bar ni da abin da ya dame ni."

"To ai shi nake tambaya, ko za mu yi masa ɗaki."

Ranar wata Juma'a ta ɗauko kujera ta taka don ta sauko da littattafan 'yan ajin ƙarshe daga saman kabad. Tun makonnin baya ta karɓe su da niyyar dubawa nan take, sai aka kira ta taro. Da ta miƙa hannu, littafin da ke sama ya ƙi tasowa. Ta leƙa. Zanzaro ne ya yi gini tsakanin bangon littafin da bangon ɗaki. Ginin ya bushe, ramukansa a buɗe, ma'ana har 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sun tashi sun kama gabansu.

Ta daɗe a tsaye kan kujerar. Yara arba'in da ɗaya ne a ajin, saura mako shida su zauna jarrabawar fita, kuma ba su da wani malamin lissafi sai ita.

Washegari da ta buɗe rajistar ba ta kwafi komai ba. Baya ta dinga komawa, shafi bayan shafi. "Duba littattafan ajin ƙarshe" ya fito sau tara, da rubutunta mai kyau, kullum a layin ƙasa. A samansa kuwa akwai ƙirga tsintsiyoyin sito, rubuta bayanin taro, gyara jadawalin darussa, tarbar baƙi, duk an yi musu alamar gamawa. Ta lissafa darussan da ta bar ajin ba malami a wannan zangon, suka kama goma sha ɗaya.

Ta ɗauko rula ta raba sabon shafi gida biyu. A dama ta sa abin da aka ɗauke ta aiki dominsa, ya tsaya a layi uku. A hagu ta sa abin da aka ba ta riƙo, har ya tsallaka shafi na gaba. Sannan ta kwance makullan ɗaya bayan ɗaya. Igiyar ta ƙulle tsabar daɗewa, sai da Baban Auta ya kawo wuƙar aikinsa. Ta yanka ƙananan takardu, ta rubuta a kan kowacce wanda ya ba ta makullin da shekarar da ya ba ta, ta ɗaura da zare.

"Yaƙi za a yi ne?" in ji shi.

"Shara ce kawai."

Ranar Litinin aka zauna taron malamai kamar yadda aka saba. Shugaban makarantar, dogon mutum mai son a ce komai na tafiya daidai, ya sanar cewa masu duba makarantu za su zo ranar Alhamis. Bai ko ɗaga kai daga takardarsa ba ya ce, "Malama, ke za ki shirya sito da ɗakin karatu, ki kuma tarbe su."

"Ranka ya daɗe, ba zan samu ba."

Malamin tarihi, wanda ake kira Malam Sai-Gobe don ba a taɓa ba shi aiki ya ce yau ba, ya tsaya da kofin shayi a bakinsa.

"Ba ki da lafiya ne?" in ji shugaban.

"Lafiyata ƙalau. Aji gare ni."

Ta tashi ta je gaban teburinsa, ta jera makullan, kowanne da takardarsa tana reto. Ta nuna na farko. "Wannan na sito ne, ka ba ni riƙo lokacin da mai sito ya yi ritaya, shekara bakwai ke nan. Wannan na ɗakin wasanni, malamin tarihi ya ce in riƙe masa zuwa gobe."

Wani ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

"Haba, Uwar Makullai," Malam Sai-Gobe ya ce, "in kika ajiye su, da me za mu riƙa sanin kin taho mu ɓoye shayinmu?"

"Sai ka riƙa leƙawa, Malam. Motsa jiki ne."

Shugaban bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya ajiye. "Malama, kin zaɓi makon da baƙi za su zo ki yi mana haka? Kin san ni nake rubuta rahoton kowa a ƙarshen shekara. Kada ki sa in rubuta abin da ba na so."

Ta san zai iya, kuma ta san rahoton nan shi ake dubawa wajen ƙarin girma. Ta buɗe jaka ta fito da littafin nan, da ginin zanzaron manne a bangonsa, ta ɗora a gefen makullan.

"Ka rubuta, ranka ya daɗe. Amma ka haɗa da cewa ajin ƙarshe sun yi darasi goma sha ɗaya ba malamin lissafi, don malamarsu tana sito tana ƙirga tsintsiya. In baƙin sun tambaye ni, abin da zan gaya musu ke nan. Saura mako shida. Ba zan sake fita daga ajin nan ba sai in gobara ake yi."

Ya kalli littafin, ya kalle ta. Bai ce ta kyauta ba, bai kuma ce ta kwashe ba. Ya ce an tashi taro.

Makulli ɗaya kawai ta mayar jaka, na akwatin magani, don ta san in ta bar shi yaro zai fasa gwiwa a rasa wanda ke da auduga. Wannan ita ta zaɓa da kanta. Kafin ta fita ta tsaya a gaban allon, ta ciro reza daga jaka ta fara kankare fentin. Malamin zane ya matso yana sosa ƙeya.

"Yaya, wallahi ban yi da wata manufa ba. Kuma fentin nan mai kyau ne, ba zai fita da sauƙi ba."

"Na ga alama. Riƙe min jakar."

Bai fita duka ba. Har yau in an kalli allon daga gefe ana ganin inuwar sunan. Amma ya kankaru yadda alli zai hau.

A ranar, makarantar ta ɗan rikice. Ba a kaɗa ƙararrawar tara ba sai da kwata ta wuce, saboda kowa yana jiran wani ya ɗauki makullin durowa. Na sito ya yini a kan tebur, sai wajen tashi shugaban ya kira Malam Sai-Gobe ya danƙa masa, ya ce yau yake so, ba gobe ba. Shugaban ya yi mako biyu yana amsa gaisuwarta da ka kawai. Abin da ya rubuta a rahoton, ba ta tambaya ba.

Ita dai, a wannan Litinin ɗin, ta rungumi littattafan ta nufi ajin ƙarshe. Ba ƙarar makullai, don haka ba su ji tahowarta ba. Ta same su wasu a kan tebur, wasu sun kifa kai suna barci. Wata yarinya a layin gaba ta miƙe da sauri.

"Malama, yau ba taro?"

"An gama taro. Ku buɗe shafi na sittin da huɗu."

Ta koyar har ƙarshen darasin, ba wanda ya leƙo ya kira ta. Da suka fita hutu ta zauna a kujerar ajin, ta ɓamɓare ginin zanzaron da farce, ta hure ƙasar, ta buɗe littafin farko. Jan bironta ya ƙi rubutu. Ta goga shi a tafin hannu, ta goga a ƙasan takalmi, ya bushe ƙaf. Ta tashi ta je shagon bakin ƙofar makaranta ta sayo guda biyu, ta dawo ta zauna.