Yatsa a Kwandon Inna Dije

Abin nan ya faru ne shekarar da ta biyo bayan canjin kuɗi, da aka karɓe mana fam da sule aka ba mu naira. Damina biyu ke nan a jere ruwa na ɗaukewa gero yana tsaka da fitar da kai. Shekaruna kuwa ban san su ba. Na dai san haƙorana na gaba sun gama fitowa, an kuma fara aza mini ƙaramin tulu zuwa rijiya. Babanmu ya tafi cin rani Gusau, ya bar mu a Kwatarkwashi, gindin dutse: ni Kulu, da innata, da Hassi 'yar baffana wadda ta girme ni da kaɗan, sai kakarmu Inna Dije.

Inna Dije ke ciyar da gidan. Tana da rumfar tuwo a bakin hanya, inda manyan motoci masu zuwa Tsafe da Funtuwa ke tsayawa. Rumfuna huɗu ne a wurin, dawa ɗaya ake tuƙawa, kuka ɗaya ake kaɗawa. Amma direba zai wuce uku ya zo ya durƙusa a tamu, saboda daddawa. Ita ke yin abarta da hannunta, ba ta taɓa sayen ta kasuwa ba, kuma duk faɗin ƙasar Bunguɗu ban ji wadda ta kamo ta ba. Wannan ba yabon jini ba ne, masu ci ne suka faɗa.

To a shekarar nan ɗorawa ba ta yi 'ya'yan kirki ba, kalwa ta yi wuya. Sai da Inna Dije ta taka har 'Yandoto wurin wata ƙawarta ta samo tiya uku. Ta sauke ƙullin a tsakar gida ta ce, "Daga wagga babu wata sai ɗorawa ta sake haihuwa." Mun san abin da take nufi. In daddawa ta ƙare, direbobi sun ƙare. In sun ƙare, tukunyar gidanmu ma ta huce.

Wuni da kwana ta yi tana dafa kalwar nan. Aka surfa, aka wanke, aka sake dafawa, ta juye ta da zafinta cikin kwando mai shimfiɗe da ganye, ta lulluɓe da tsummoki, ta kife faifai, ta aza muciya a kai, ta tura shi lungun ɗakinta. Dokar ba sabuwa ba ce: kwana uku ba a buɗewa, don ɗumin da ke ciki shi ke nunar da ita, ga shi kuma lokacin ɗari ne. Sannan hannun da ya taɓa mai ko gishiri ba ya kusantar ta. Inda maiƙo ya taɓa, nan take fara mutuwa, ta bi ta cinye sauran.

Ranar kwana na biyu muna ɗiban ruwa wata yarinya ta ce mini ai kowa ya sani, kakarmu laya take binnewa cikin kwando, shi ya sa ba ta bari a gani. Na ce ƙarya ne. Hassi ta yi dariya ta ce, "Ke kin taɓa gani? To yi shiru." Maganar ta tsaya mini a rai. Da la'asar innata na tuyar ƙuli-ƙuli, ta miƙo mini guda biyu masu zafi, na ci na lashe yatsu. Inna Dije tana rumfa. Na shiga ɗakin, na ɗage muciya, na ɗaga faifai, na yaye tsumma. Wani tururi ya daki fuskata. Ban ga laya ba. Don in tabbata, sai na cusa yatsa ta gefen bango na laluba har ƙasa. Sai da na zaro shi na gan shi yana ƙyalli da mai, sannan na tuna da ƙuli-ƙulin da na ci. Na mayar da komai, na fita na wanke hannu har sau uku, kamar hakan zai gyara wani abu.

Al'adarmu ce in an yi sallar isha'i mu kewaye murhun da aka sauke tuwo, Inna Dije ta miƙe ƙafafu wajen garwashi ta yi mana tatsuniya, gatana kamar yadda muke cewa. Tana da murya kala-kala, takan yi ta kura har Hassi ta ƙanƙame ni. A daren nan kuwa ta shiga ɗakinta ta ɗan jima, ta fito ta zauna. Ba ta miƙe ƙafa ba. Ba ta jira mun roƙe ta ba, ba ta kuma jira mun amsa mata ba. Ta fara kawai, da muryarta ta kullum.

Ta ce wani gari ne wutarsa ta mutu. Ko'ina an hura, ba ta kamawa. Sai aka aiki wata yarinya wurin tsohuwar da ke zaune kan dutse, tafiyar kwana uku. Tsohuwa ta ba ta ƙwarya a rufe, da ɗumi kamar jariri, ta ce ta rungume ta kai gida, kada ta buɗe. Ta ƙara da cewa in tsautsayi ya sa ta buɗe, to ta faɗa tun da sauran ɗumi, akwai gyara. In ya huce, babu. Yarinya ta yi kwana ɗaya lafiya. A na biyu ta ce bari dai ta leƙa. Tana ɗaga murfi wani ɗan farin tsuntsu ya yi fir ya tashi. Ta rufe da sauri ta ci gaba da tafiya.

Ni dai a nan na ɓoye yatsana cikin zane. Inna Dije ba ta dube ni ba, ba ta dubi kowa ba, garwashi take tonawa da tsinke.

Ta ce yarinya ta iske kurciya a kan reshe. Kurciya ta ce, "Ɗiyar mutane, kin buɗe?" Ta ce a'a. Sai gindin ƙwarya ya yi sanyi. Ta iske ƙadangare a kan dutse, ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗiyar mutane, kin buɗe?" Ta ce a'a. Sai sanyi ya hau har rabi.

Hassi ta ce, "Kai, wannan yarinya da taurin kai take! Ni ce da tuni na faɗi."

"Ke da bakinki ba ya riƙe ko ruwa," in ji innata. Suka yi dariya. Ni ban iya ba.

Inna Dije ta ce yarinya ta iso ƙofar gari da ɗan ɗumi kaɗan a bakin murfi, wanda bai fi na numfashi ba. Duk gari an fito, kowace mace da tukunyarta a hannu, yara sun yi shiru don yunwa. Uwarta ta matso ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ɗiyata, kin buɗe?"

A nan Inna Dije ta tsayar da gatanar. Ta ci gaba da tonon garwashi.

Muka jira. Itace ya fashe a wuta har na zabura. Hassi ta ce, "Inna, sai me ta ce?"

"Ban sani ba."

"Haba Inna! Ke fa ke gatanar."

"Nan anka kawo mini ita, nan ni aje ta. Sauran na bakin wata." Ta ɗaga kai ta dubi sama. "Ɗari na sauka. Abin da ad da ɗumi yanzu, kafin asuba ya huce."

Innata ta daina dariya. Ta dubi surukarta, ta dubi ƙofar ɗaki, sannan ta juyo kan Hassi, don ita ce mai ƙiriniya a gidan. Ta ce, "Hassi, kin shiga ɗakin nan yau?" Hassi ta fara rantsuwa. Na ga hannun innata ya nufi tsumagiyar da ke jikin danga. Da na ƙara yin shiru kaɗan, da Hassi ta sha dukana, da kwando ya kwana da maiƙona a cikinsa. Na buɗe baki, abin da ya fito sai kamar kukan ɗan akuya.

"Ta buɗe."

Inna Dije ta ce, "Wa?"

"Ni."

Innata ta yunƙuro. Inna Dije ta ɗaga mata hannu ɗaya ba tare da ta dube ta ba. "Bari. Bugu ba ya maida ɗumi." Ta juyo gare ni, karon farko a daren. "Leƙawa kinka yi, ko kin sa hannu?"

"Na sa yatsa."

"Mi kinka ci kafin nan?"

"Ƙuli-ƙuli."

Ta rufe ido ta yi salati a hankali. "Ta wane gefe?"

"Ta wajen bango."

Ban taɓa ganin tsohuwa ta tashi da sauri haka ba. Ta sa innata ta gasa tsummoki a bakin wuta, ta tsoma sabon ludayi a tafasasshen ruwa, ta ce Hassi ta riƙe fitila. Ta yaye gefen bango kaɗai, ta kwashe wurin da faɗi har ƙasa, ludayi huɗu, ta watsar bayan danga. Kalwar da ta taka har 'Yandoto dominta. Ta rufe da tsumma mai zafi, ta jawo kwandon kusa da kaskon toka mai ɗumi. Sannan ta nuna mini ƙasa ta ce, "Nan za ki kwana, bayanki jikin kwando. Ɗumin da kinka saki, ke za ki biya shi."

Washegari ba wanda ya yi maganar. Na wuni ina shinshina ƙofar ɗaki. Sai da rana ta yi sanyi ta kira mu, ta yi bisimilla ta ɗaga faifai. Wari ya bugo mu har innata ta ja da baya. Inna Dije ta sa muciya ta ɗago, ga yauƙi yana bin ta fari-fari. Ta ce, "Ta yi." Duk turaren da na shaƙa a duniya, har wanda na shaƙa a Makka, babu wanda ya kai mini warin nan daɗi. Daddawar ta kai mu, da ƙyar da tsimi, har ɗorawa ta nuna.

Daga baya na tambaye ta yadda ta gane. Ta ce kullum kan muciya gabas take sa shi ya duba, ta iske shi yana duban ƙofa. Ta san an buɗe. Abin da ba ta sani ba shi ne ko hannu ya shiga, da me, ta ina. Da ta yaye duka tana bincike, sauran ɗumin zai tafi. Da ta ɗauki bulala, kowa zai ce ba shi ba ne har gari ya waye.

Na daɗe ina zaton gatanar nan kan kada a buɗe abin da aka hana take. Sai da na kafa tawa rumfar a Gusau, kan hanyar Damba, na ga mata shida suna aiki ƙarƙashina, sannan na gane. Ba a tuƙa tuwon mutum ɗari ba tare da wani ya yi ɓarna ba. Gishiri zai zarce, wani zai manta nama a rana. Gidan abinci ba ya mutuwa don an yi kuskure, sai in masu aiki sun fi tsoron uwar ɗaki a kan lalacewar tukunya. Shekara talatin da wani abu ban taɓa korar wadda ta zo ta faɗa mini da bakinta ba. Wadda ta ɓoye kuwa, ko 'yar cikina ce, ta san sauran.

Yanzu 'yata Balki ke riƙe da wurin. Ma'aikata na fitowa daga ofis su yi layi don tuwon dawa da miyar sure da hoce. Kalwa ta sake yin wuya, ba don fari ba, sai don mata ba sa iya shiga daji yadda muke shiga da. Balki ta ce mu koma dunƙulen kanti kamar kowa. Na ce ta jira in mutu. Har yau ni ke rufe kwando, kan muciya na duban gabas.

Inna Dije ta rasu shekarar da aka ba mu jiha, ba ta taɓa ƙarasa gatanar ba. Innata ta bi ta da damina uku. Direbobin nan duk sun kwanta dama, rumfunan ma hanya ta cinye su. Cikin waɗanda suka zauna bakin murhun nan saura ni da Hassi, tana Tsafe wurin ɗanta, idonta ya tafi amma bakin na nan. Duk sallah in na je gaishe ta da ƙullin daddawa, sai ta shinshina ta ce, "Kulu, kin buɗe?"

Ni kuwa in ce, "Na buɗe, Yaya. Ta wajen bango."